Kwana Takwas da Kalangun Ƙungiya

Talata, 19 ga Agusta, 2025

Na sauka Kankiya bayan azahar, na hau acaɓa zuwa Dudunni da buhu a cinya. Muna cikin tafiya ɗan acaɓan ya tambaye ni ko zakara na sayo. Na ce kalangu ne. Ya waiwayo ya dubi rigata da takalmina, bai ƙara cewa uffan ba har muka iso.

Kalangun na Ƙungiyar Hausa ta kwalejinmu ne, ni ne ma'ajinta bana. Abin da wanda na gada ya damƙa mini bai taka kara ya karya ba: tsohon littafin rajista, ƙwarya biyu, shantu ɗaya, rawani da alkyabbar da muke naɗa wa sarkin ɗalibai, naira 7,300, sai wannan kalangu da fuskarsa ɗaya ta ɓarke. Ƙungiyar ɗalibai ce zalla. Muna da 'yan wasan kwaikwayo, da masu waƙa, da mutum uku masu zane. Malami ɗaya ne uban ƙungiya, aikinsa sa hannu a takarda. Sauran wahalar duk tamu ce, daga karo-karo har sharar fili.

Talata mai zuwa ce Ranar Hausa ta Duniya, wadda Abdulbaƙi Jari, ɗan jarida ɗan jiharmu ta Katsina, ya fara da abokansa a shafukan sada zumunta a 2015. Da can Makon Hausa muke yi cur, irin yadda ƙungiyoyin Jami'ar Bayero da ta Ahmadu Bello suka saba. Bana aljihu ya ce wuni ɗaya. Aka ce tunda ni ɗan ƙauye ne, in tafi da kalangun a gyara.

Inna ce ta fara ganin buhun. Ta leƙa, ta mayar da bakinsa ta ƙulle, ta tura shi bayan randa.

"Kada ka bari Malam ya gani," in ji ta, tana nufin mahaifina.

Laraba, 20 ga Agusta

Gidan Sarkin Kiɗa yana can gefen gari, kusa da mahauta, kuma ba banza ba: kalangu tun asali kiɗan mahauta ne, kamar yadda dundufa take ta maƙera, gangar noma ta manoma. Wannan duk na san shi. Na karanta a littafin Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau, Makaɗa da Mawaƙan Hausa, na haddace rabe-raben makaɗan fada da na sana'a da na jama'a, na ci maki mai kyau. Amma gidan nan da bai fi tafiyar minti goma daga namu ba, yau ne ranar farko da na taka zaurensa.

Na tarar ya dawo daga gona, yana wanke ƙafa. Na durƙusa na gaishe shi. Ya kare ido da hannu ya daɗe yana kallona, sannan ya kira sunan kakana, ba na ubana ba.

"Jikansa ne kai. Goshin ne. Mi ya kawo ɗan boko unguwar maroƙa?"

Na kwance buhun. Ya karɓi kalangun da hannu biyu kamar an miƙa masa jinjiri. Ya ƙwanƙwasa kangon da ɗan yatsa, ya kara a kunne, ya shinshina, ya bi tsarkiyoyin ɗaya bayan ɗaya.

"Wa ya kashe shi?"

"Baba, haka na same shi."

"Bisa siminti kuka aje shi, damina ta bi ta kansa. Nan kuma ɓera ne. Icen na da kyau, wanda ya sassaƙa shi ya san hannunsa. Sauran duk sai an sake."

Ya ce yana da samfara a ajiye, fatar ɗan akuya mai laushi da ya daɗe da gyarawa, ba shi da wanda zai ɗaura wa. Na tambayi kuɗin aiki, ya yi kamar bai ji ba. Shi tambayarsa daban ce: wa zai kaɗa? Na ce akwai wani ɗalibi da ya koya a waya, yana kallon bidiyo. Ya yi dariya har da tari.

"Ɗan wa ne?"

"Ɗan wani ma'aikacin banki ne a Katsina."

"To, madalla. Ɗan mai banki na son kalangu, ɗan mai kalangu na Legas yana acaɓa."

Bai faɗa da ɗaci ba. Ya lissafa mini yadda abin ya tafi. Gayya ta mutu, yanzu kowa ɗan ƙwadago yake ɗauka ko ya fesa maganin ciyawa, ba mai neman ganga a bakin kunya. Biki kuwa yaro ɗaya da lasifika da kwamfuta ya wadatar, ba ya neman tuwo na mutum biyar. Dandalin 'yan mata ya tashi tun kafin a fara tsoron dare, tsoron ya zo ya ƙarasa shi. Abin da ya rage masa Salla ce, ita ma sai in an tuna.

Ban shirya ba, bakina ya riga ni: na ce ko zai zo kwaleji ranar Talata ya kaɗa da kansa. Ya ce in bari ya ga yadda fatar za ta kama tukuna.

Alhamis, 21 ga Agusta

Ruwa tun asuba. Gero ya ji daɗi, ni ban ji ba.

Da ya tsagaita, shugaban masu zanenmu ya iso daga Kankiya, jiƙe sharkaf, da yadin da zai zama bangon dandamali naɗe cikin leda. Muka shimfiɗa shi a zaure. Ya zana ƙofar gari da dagi a sama, ya bar gefe ɗaya fari, wai bai san abin da zai sa ba.

Shi mutumin nan ba ya minti goma bai ambaci Zariya ba. Can yake son komawa karatu, kuma labari ɗaya ne kullum a bakinsa. A 1958 wasu ɗaliban zane a kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962 suka kafa ƙungiyarsu, su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo. Malamansu Turawa ne, darasin na Ingila ne. Suka ce za su karɓi dabarar Bature, amma abin da za su zana daga gida zai fito. Okeke ya koma ga zanen uli na matan Ibo, irin wanda ake yi a jiki da bango. Daga baya aka yi musu laƙabi da 'yan tawayen Zariya. Ƙungiyar ba ta wuce 1961 ba, shekara uku kacal, ga shi har yau ana karanta ta a tarihin zanen Nijeriya.

Na ce masa shekara uku ai shi ne ajalin kowace ƙungiyar ɗalibai. Kafin mutum ya gane inda ake aron kujeru ya gama, wani ya zo ya fara daga farko. Rajistarmu shaida ce: kowace shekara sabon rubutu, sabon alkawari, kalangu ɗaya yana ruɓewa a lungu.

Ya ce bambancin shi ne su sun koma gida sun tambaya. Abin da ke ci masa rai kuma, mafi yawansu 'yan kudu ne, alhali magina na nan cikin birnin Zariya suna ƙawata soraye da zanen da ba a koyar da shi a aji. Sai a tsakiyar shekarun 1970 wani Ba'amurke mai tsara gini, Steven Ehrlich, ya yi wa jami'ar gidan wasan kwaikwayo na ginin ƙasa a Samaru, da fasalin gidan Bahaushe.

Kafin ya tafi na kai shi ɗakin kakata ya ga jeren kwanoni da faifan da ta saƙa. Ya tsuguna ya fi rabin awa yana kwafar zanen faifai a takarda. Tsohuwa ta ce in tambaye shi ko lafiyarsa ƙalau.

Juma'a, 22 ga Agusta

A ƙauye ba a ɓoye tafiya. Muna dawowa daga masallaci Baba ya ce in same shi a zaure. Ya zauna bisa buzu, ya ajiye carbi.

"An ce an gan ka unguwar mahauta."

"Haka ne, Baba."

"Boko na tura ka ko roƙo?"

Na yi bayani iyakar iyawata: aikin ƙungiya ne, raya al'ada ne, har malamai na zuwa. Da na ga bai motsa ba sai na jawo babban makamina. Na ce ai Mamman Shata na Musawa, nan kusa da mu, shi ma ba gadon kiɗa ya yi ba, mahaifinsa bai so ba, amma ga shi Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa a 1988.

Kuskure na yi. Baba ya fi ni sanin Shata nesa ba kusa ba. Ya gaya mini tallan goron da ya yi yana saurayi, da zamansa a Bakori da Funtuwa da Kano, da ranar Juma'ar da ya rasu a watan Yuni na 1999, aka kai shi Daura. Ya ce ranar ko rediyo bai iya kashewa ba. Ya faɗi yadda ake buɗe Bakandamiya da yadda 'yan amshi ke karɓa, har yatsansa na motsi bisa gwiwa bai sani ba.

"To Shata guda nawa ne?" in ji shi. "Ku kun ɗauki guda kun sa masa hula, kuna ta tafi. Sauran dubun fa? Ni ban ce kiɗa ba daɗi ba. Na ce kowa da gidansu."

Na ce zamani ya canja, yanzu ba a duba wannan.

"Ba a dubawa? To ɗan Sarkin Kiɗa na Legas ya aiko yana son ƙanwarka. Kai ne wa. Mi ka ce?"

Na buɗe baki, na rufe. Da a taron ƙungiya ne da na yi jawabi mai zafi, har a tafa mini. A zauren nan, gaban wanda ya san ni tun ina tsumma, ƙarya ba ta fito ba, gaskiyar kuma kunya ta hana ni faɗa.

Bai hana ni ba, bai kuma ce in je ba. Ya ɗauki carbinsa.

Na kwana ina juya maganar. Mu a kwaleji wasan makaɗa muke yi. Mukan ɗaura warki, mu rataya ganga, a yi mana hoto, da yamma mu tuɓe mu koma 'ya'yan mutane. Wanda ba ya iya tuɓewa shi muke kira maroƙi. Baba aƙalla bai ɓoye inda ya tsaya ba.

Asabar, 23 ga Agusta

Sai an hau tudun bayan makarantar firamare ake samun sabis. Na hau, na tarar da saƙo sama da ɗari a zaurenmu na WhatsApp.

Masu waƙa sun rabu biyu. Wasu na son a sa kiɗan situdiyo kawai, fiyano, irin na su Nura M. Inuwa da Hamisu Breaker, wai shi ne zai tara jama'a. Ba ƙarya suka yi ba. Wasu sun ce Ranar Hausa ba kalangu ai miya ce ba gishiri. Wata ta kawo misalin Aminu Ala, mai haɗa rubutacciyar waƙa da kayan kiɗa na da da na yanzu, aka yi mata ca kamar ita ta kawo rigimar. 'Yan mata na son yin amada da ƙwarya don tunawa da Barmani Choge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013, amma uku daga cikinsu sun ce in za a ɗauki bidiyo ba su ciki, kada ya kai gida.

Ni dai lissafi nake. Karo-karon naira 500 ya kawo mutum 41. Hayar lasifika, man janareta, ruwan leda, lemon manyan baƙi. Da na rubuta cewa a ware wa Sarkin Kiɗa kuɗin mota da na goro, sai wani ya tambaya ko ba za a iya ɗauko muryar kalangun a waya ba, a huta.

Ban amsa ba. Cajina ya ƙare.

Lahadi, 24 ga Agusta

Yau aka ɗaura fata. Tun jiya ya jiƙa ta. Ya yanka da'ira biyu, ya naɗe bakin kowace a zobe, ya huhhuda da basilla, sannan ya shiga zura tsarkiya daga wannan fuska zuwa waccan, yana ja yana saki. Idonsa ya yi rauni, hannun ne ke gani. Aikina riƙo. Sau biyu ya buge mini yatsa don na ja inda bai ce ba.

Rana ta ƙi fitowa sosai, sai ya hura ɗan garwashi a kasko ya riƙa kara fuskar kalangun daga nesa, yana shafawa da tafin hannu. Ya ce da damina fata kan sha iska ta saki, murya ta mutu. Da rani kuma ta ɗaure har ta fashe in ba a kula ba. Wurin ajiyarsa rataya, cikin jaka, nesa da ƙasa da bango.

Bayan la'asar ya saƙala shi a hammata. Ya matse, ya saki, ya matse. Na sha jin malamai na cewa kalangu magana yake, don Hausa harshe ne mai hawa da sauka, matsa tsarkiya kan ɗaga murya, saki ya kwantar da ita. A allo abin kamar lissafi. A nan kuwa sai na ji kamar wani na kiran wani daga bayan danga.

"Ka san wannan?"

"A'a, Baba."

"Taken kakanka ne. Ranar gayya in na kaɗa shi, ko yana ƙarshen gona sai ya ɗaga garma sama ya yi kururuwa. Ba a kaɗa wa mutum takensa ya yi shiru. Ko ya mutu, nasa ke amsawa."

Ya sake kaɗawa, da ƙarfi wannan karon. Yara suka cika ƙofar gida. Wani mahauci ya fito da wuƙa a hannu yana murmushi. Can sai na hangi Baba a bakin lungu, da buta, kamar mai wucewa. Bai ƙaraso ba. Ya tsaya, ya ɗaga hannun dama sama, ya dunƙule, ya jinjina sau ɗaya. Sannan ya aiko yaro da naira 1,000, ya juya.

Sarkin Kiɗa ya karɓa ya sa a aljihu, ya ce gobe da wane lokaci motar take tashi.

Litinin, 25 ga Agusta

Mun fita da hantsi, don ba mai son yamma ta same shi a hanya. Ya sa babbar rigarsa mai shuɗi, ya rungume kalangun, ya ƙi yarda a sa shi a but.

A kwaleji muka tarar an ba wasu ɗakin taron da muka nema tun wata guda, duk da takardarmu mai hatimi. Na yi ta hawa da sauka tsakanin ofisoshi har ƙafata ta gaji. Ƙarshenta gindin bishiyoyin darbejiya muka koma, muka yi addu'ar kada a yi ruwa.

Wajen gwaji ɗan mai banki ya zo da fara'arsa, ya miƙa wa tsoho hannu a tsaye. Tsoho ya karɓa. Ya ba shi kalangun ya ce ya taɓa a ji. Yaron na da hannu, ban hana shi ba, sai dai duka yake yi kamar mai jin haushin fatar. Sarkin Kiɗa ya gyara masa hammata, ya ce: "Ɗana, hannu bugu kawai yake. Maganar a nan take." Suka zauna har magariba. Masu fiyano da suka zo kallon ƙauyanci, biyu daga cikinsu sun ɗauka a waya, wai za su sa a waƙarsu.

A ɗakinmu ya kwana. Na bar masa katifa, ya ce tabarma ta fi masa.

Talata, 26 ga Agusta

Ba a yi ruwa ba.

Bangon ya yi kyau. Gefen da ya rage fari ya cika da zanen faifan kakata, manya-manya, ja da baƙi. Aka naɗa sarkin ɗalibai, rawanin ya kwance sau biyu. Aka yi kacici-kacici da karin magana, aka yi ɗan guntun wasa daga Kulɓa Na Ɓarna na Umaru Ɗanjuma Katsina. 'Yan mata sun yi amadarsu bayan an roƙi jama'a su sauke wayoyi, kuma abin mamaki, aka sauke. Jawabai sun cinye awa biyu. Kowane mai jawabi ya ce al'adunmu na ɓacewa, dole a tashi tsaye.

Babban tebur na da kujera goma sha biyu. Ni na jera su da hannuna, ni na rubuta sunayen. Sai da aka zauna na lura inda Sarkin Kiɗa yake: a tabarma, gefen lasifika, kusa da janareta. Ba wanda ya ce ya zauna can. Shi ya san wurinsa, mu kuma ba mu tuna mu ce masa a'a ba. A takardar shiri an rubuta "kiɗan gargajiya, minti 10". Ba suna.

Da aka zo kansa janareta ya mutu, ya ce a bar shi, ba ya bukata. Ya miƙe ya shiga fili. Ya fara da na mahauta, ya juya na 'yan dambe, sai ga masu gadi da masu shara sun baro aikinsu. Wani dattijo mai sayar da rake a bakin ƙofa ya shigo har tsakiya yana taka rawa, ɗalibai na ihu. Minti goma ta zama arba'in. An yi liƙi sosai, har uban ƙungiya ya sauko daga tebur. Wajen ƙarshe na ji ya sako wani kiɗa da na sani, ya maimaita shi sau uku, yana juyawa yana duban jama'a. Lokacin wani babban baƙo ya ɗago mini hannu, ruwansa ya ƙare.

Da aka tashi ya tattara kuɗinsa ya ƙirga, ya ware wani abu ya ba ɗan mai banki, wai ladan ɗan karɓi. Yaron ya rasa yadda zai yi, ya durƙusa ya karɓa. Kalangun kuma ya sa shi a jakar da ya ɗinko, ya nemi ƙusa, ya rataye shi da kansa a ɗakin ajiyarmu. Na buɗe rajista na rubuta: kalangu ɗaya, lafiyayye, a rataye shi, kada ya taɓa siminti. Na ƙara da sunan garinmu da kwatancen gidan, saboda wanda zai gaje ni bayan zaɓen wata mai zuwa.

Mun iso Dudunni ana kiran magariba. Na raka shi har ƙofa. Duk hanya bai yi maganar taron ba, sai ta gero da tsadar taki.

Bayan isha'i Baba na zaure da rediyonsa. Na gaishe shi, na zauna.

"An yi lafiya?"

"Lafiya lau, Baba. Jama'a sun taru."

"Ya kaɗa na tsoho a can?"

"Ya kaɗa. Har sau uku."

"Wa ya amsa?"

"Ba kowa."

Ya rage muryar rediyon.

"Kai kana ina?"

"Ina kai ruwa babban tebur."